Rajistar da Aka Cike Tun Litinin

Ranar Laraba ce, ƙarfe takwas saura minti biyar na safe, a mako na biyu bayan an sake buɗe makarantun garin nan daga doguwar rufewar da tashin hankali ya jawo. Mu uku ne tsaye a ƙofar aji uku na wata firamare a unguwar Umarari, cikin Maiduguri: ni, da shugabar makarantar, wadda na koya wa haɗa baƙi tun tana 'yar shekara shida, da wani saurayi mai suna Bukar, ɗan maƙwabcina, ɗalibin kwalejin horon malamai da aka turo gwajin koyarwa. Malamin ajin ya kwashe iyalinsa ya bar gari tun lokacin da abubuwa suka yi tsanani, don haka tun ranar Litinin aka danƙa wa Bukar ajin shi kaɗai, shi da bai taɓa tsayawa gaban yara ba. Masu duba ɗalibai daga kwalejin kuwa sun aiko da takarda maimakon ƙafafunsu. Wai a sami gogaggen malami ya zauna a aji, ya ba da maki, ya sa hannu. In babu sa hannun, babu takardar shaida a wannan shekara. Shi ya sa Hajiya shugaba ta aika a kira ni daga gida, shekaru da yawa bayan na ajiye alli.

Na dubi saurayin daga sama har ƙasa. Takalminsa mai tsinin baki yana ƙyalli, ƙamshin turarensa ya riga shi shiga aji, waya kuma na hannunsa kamar an haife shi da ita. Na nemi shirin darasinsa, ya miƙo mini takarda biyu da aka ɗauko hotonsu a shagon kwafi. A saman ta farko akwai sunan wani ɗalibi da sunan wata makaranta, ko gogewa bai yi ba. Na mayar masa da su. Na ce, "Ina rajista?"

Ya ce, "Tana ofis, Baba. An gama da ita."

Na rubuta amsar a littafina yadda ya faɗe ta, na nemi benci a bayan aji na zauna. Yara sun cika ɗakin har bakin allo, rabinsu a ƙasa, yawancinsu 'ya'yan waɗanda suka gudo daga ƙauyuka. Bukar ya juya musu baya ya fara kwafe takardarsa a allo. Bai kira sunan kowa ba.

A makarantar mishan da na yi, can kudu a gindin duwatsu, ba a fara komai sai an kira suna. Har yau in na rufe ido ina jin ƙarar ƙarfen tayar motar da aka rataye a jikin tsamiya, wanda ake bugawa tun rana ba ta gama fitowa ba, da ƙarar tsintsiyoyi a tsakar makaranta, da kukan guga a rijiya. Mu ɗaliban malanta mu ne ke share aji, mu goge allo da gawayi da ɗanyen ganye har ya yi baƙi ƙirin, mu ja masa layi da zaren da aka shafa wa alli, mu dama garin tawada mu zuba a 'yan kwalabe. Wanda layinsa ya karkace zai wanke allon ya sake. Ba a yi mana haka don mugunta ba. An yi ne domin wanda ya saba barin layi a karkace, wata rana zai bar abin da ya fi layi. Hedimastanmu ɗan ƙasarmu ne, gajere, mai gajeren wandon kaki da doguwar safa, ba ya ɗaga murya, ba ya kuma maimaita magana. Rajista a wurinsa ba littafi ba ce kamar sauran littattafai. A cikin akwati take kwana, ba a taɓa ta da hannu mai maiƙo, ba a kankare abin da aka rubuta a cikinta. Wanda ya zo da safe a ja masa karan tsaye mai ɗan kwanciya, in ya dawo bayan hutun tara a ja masa wani ya haɗu da na farko. Wanda bai zo ba a zana masa da'ira. Da'ira biyu a jere kuwa, malami ya ɗauki ƙafa ya tafi gidan yaron da kansa, ko da bayan dutse ne. Yakan ce mana, "Malamin da bai san wanda babu ba, bai san wanda ke nan ba."

Ranar da na fara nawa gwajin koyarwa ban kai shekara ashirin ba. Na kwana uku ina shirya darasin rabawa a lissafi, na tara 'ya'yan tsamiya a gwangwani don yara su raba da hannunsu, na goge rigata da dutsen guga na gawayi har karinta ya yi kamar wuƙa. Hedimasta ya zauna a baya, daidai irin wurin da na zauna ranar Larabar nan. Zumuɗin in fara darasin da na yi wa wahala ya sa na kira suna kaina a sunkuye, ina jin "Ina nan, Malam" ina jan kara, ban ɗaga ido ba ko sau ɗaya. Na koyar da darasin, kuma ba yabon kai ba, ya yi kyau. Yara suka raba 'ya'yan tsamiyarsu, suka ba da amsa daidai. Da aka buga ƙarfe na tsaya ina jiran yabo.

Hedimasta ya ce, "Malam, yara nawa ne a gabanka?"

Na duba rajista na ce, "Talatin da ɗaya, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ban tambayi littafi ba. Ƙirga."

Na ƙirga, talatin. Na sake ƙirgawa, talatin. Ashe wani yaro ne ya amsa wa abokin zamansa, don kada a yi masa da'ira. Hedimasta bai taɓa yaron da ya amsa ba. Ya ce laifin yaro na yaro ne, nawa kuwa na malami. Ya ce in ajiye alli in tafi ƙauyen wanda bai zo ba, kada in dawo sai na gan shi da idona. Tafiyar ta fi awa biyu a ƙafa, cikin rana, a cikin rigar da na sha wahalar gogewa. Ina tafe ina ƙunƙuni, ina cewa a raina tsohon nan bai san darajar ilimi ba. Da na isa, gidan babu kowa, duk an tafi gona tun asuba da tunanin yaron ya wuce makaranta. Na same shi kwance a gindin rumbu, jikinsa kamar garwashi, leɓunansa sun bushe, ko kuka ba ya iya yi. A bayana na goyo shi zuwa ɗakin shan magani na mishan. Ya rayu, har ya yi jikoki.

Na zaci wannan zai wanke ni. Washegari Hedimasta ya buɗe rajistar a gabana, ya nuna karan ƙaryar da na ja, ya miƙo mini alƙalami da jar tawada. Ya ce ba za a kankare ba, in rubuta farkon sunana a gefensa, domin duk wanda ya buɗe littafin nan gaba ya san wa ya yi. Darasin rabawar nan mai kyau kuwa, sifili ya ba ni. Sai da na sake gwajin wata uku bayan 'yan ajinmu. Na yi shekara arba'in ina koyarwa bayan wannan, ban sake jan kara ba sai idona ya haɗu da na mai sunan.

To, ga ni zaune a Umarari ina kallon abin da ake kira malami a yau. Shekara biyu a kwaleji, an cika masa kai da sunayen masana da dogayen kalmomi, ba a koya masa tsayawa a gefen allo yadda ido ɗaya zai kasance a kan yara ba. Rubutunsa ya fara daga sama ya gangaro kamar akuya a kan tudu. Yana karanta abin da ya kwafa da Turancin da shi kansa bai fahimta ba, yara suna maimaitawa da ƙarfi kamar kwaɗi bayan ruwa, shi kuwa yana jin daɗin ƙarar, yana zaton ilimi ne. Sau biyu wayarsa ta yi kuka, sau biyu ya duba. Yara uku suka fita ta taga suka dawo, bai sani ba. A zamaninmu da an karɓe allin tun minti goma na farko. Amma zamanin nan ba ya karɓe alli daga hannun kowa, sai dai ya ƙara masa takarda mai hatimi.

Ƙarfe goma da kwata aka ji ƙarar. Ƙasa ta motsa, ƙura ta zubo daga rufi. Daga baya wasu suka ce daga wajen Kasuwar Kwastam ta fito, wasu suka ce daga bayan gari, ni ban sani ba. Abin da na sani shi ne yaran nan sun san irin wannan ƙara tun daga garuruwansu, kuma ba su jira umarnin kowa ba. Ta ƙofa, ta taga, ta kan juna, cikin ƙiftawar ido ajin ya zama babu komai sai takalman roba. Ni da Hajiya da maigadi muka tsaya a bakin ƙofar makaranta muna tare waɗanda za mu iya, muna zaunar da su a gindin katanga. Ba a jima ba iyaye mata suka fara isowa da gudu, wasu ko mayafi babu, kowacce tana kiran suna. Mai samun nata ta rungume ta tafi.

Cikinsu akwai wata tsohuwa daga unguwar Bulabulin, 'yar gudun hijira, wadda Hausarta ba ta da yawa. Jikarta Yagana ita kaɗai ta rage mata daga gidan ɗanta. Ta duba yaran da ke gindin katanga ɗaya bayan ɗaya, ba ta gan ta ba. Ta kama rigar Bukar.

"Malam, Yagana tawa. Yagana Modu. Ta zo yau?"

Tambayar nan ita ce dukan aikin malami a wannan rana. In yarinyar ta zo ta gudu, a nan kusa za a neme ta. In ba ta zo ba, a bi hanyar gida. Bukar ya ruga ofis, ya dawo da rajistar a buɗe, ya bi layi da yatsa, ya ce da ƙarfin hali, "Ta zo, Kaka. Ga shi nan a rubuce. Kwantar da hankalinki, tana nan kusa."

Ina can ina fama da wani yaro da ya fasa goshi, na ji maganar da rabin kunne, kuma wannan sakacin nawa ne, ba na ɗora wa kowa. Samarin unguwa suka bazu bayan makaranta, suka shiga kangwaye, suka leƙa kwalbatoci, suka buga ƙofofin gidaje. Tsohuwar tana biye da su ba takalmi, tana kira har muryarta ta dushe. Awa biyu ana haka.

Sai wajen sha biyu da rabi rajistar ta zo hannuna. Na buɗe shafin makon. Litinin, kowa ya zo. Talata, kowa ya zo. Laraba, kowa ya zo. Alhamis da Juma'a, waɗanda Allah bai kawo mu ba tukuna, su ma kowa ya zo, safe da rana, da biro ɗaya, da hannu ɗaya, babu da'ira ko ɗaya daga sama har ƙasa. A zama ɗaya ya cike ta ranar Litinin, don ya huta.

Na juya ga yaran da suka rage, na tambaye su da Hausa, Hajiya ta maimaita da Barbarci, wa ya ga Yagana Modu yau. Wata 'yar ƙarama ta ce ai Yagana ba ta zuwa tun Litinin. Tana fitowa daga gida da jakarta, amma tana tsoron wuce shingen masu bindiga da ke kan hanya, sai ta zauna a rumfar mai injin niƙa har a tashi, ta bi 'yan makaranta ta koma gida. Yara sun sani. Malaminsu ne kaɗai bai sani ba.

Muka tafi rumfar. Ta kwano ce, a kulle da kwaɗo. Mai niƙan ta ja ƙofa ta gudu da jin ƙarar, ba ta san yarinyar ta shige bayan buhuna ba. Aka fasa kwaɗon ana kiran sallar azahar. Kusan awa uku ke nan tana cikin kwanon nan a zafin Maiduguri. Mun same ta a dunƙule, rigarta sharkaf, idonta a buɗe, ba ta magana. Kakar ta zauna a ƙasa ta ɗora ta a cinya tana ɗiga mata ruwa a baki, ba ta dubi kowa a cikinmu ba. Da'ira biyu a jere, Litinin da Talata, da tun jiya malami ya je Bulabulin ya ji labarin shingen, da an sami mai riƙo hannunta.

Da muka koma makaranta, Bukar ya biyo ni ofis da takardar kwalejin a hannunsa. Ban yi zaton zai iya ba, amma ya iya.

Ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Yara sun fi tamanin. In na tsaya kiran suna, rabin darasi ya tafi. Yagana biyar ce a ajin nan, Falmata bakwai, Modu kuwa ban san iyakarsu ba. Kuma haka kowa ke yi. An ce mana ma in aji ya cika a takarda, an fi kawo wa makaranta kayan taimako."

Na ce, "Yagana biyar, kowacce da ubanta. Ka kira ta da sunan ubanta."

"Ai an same ta, Baba. Lafiyarta ƙalau."

"Kai ka same ta?"

Na karɓi takardar, na rubuta sifili a gurbin maki, na rubuta dalili cikin layi uku, na bar gurbin sa hannun amincewa babu komai. Na miƙa masa jan biro na ce ya rubuta farkon sunansa a gefen Alhamis da Juma'a. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare. Hajiya ta ce, "Baba Malam, shekara guda fa zai rasa." Na ce ni wata uku na rasa a kan yaro ɗaya, shi kuwa a kan tamanin ne, ta yi lissafin da kanta tunda ni na koya mata.

Washegari bayan la'asar mahaifin Bukar ya zo gidana. Alhaji dillalin shanu ne, maƙwabcina na shekara ashirin, mutumin kirki wanda bai taɓa yin layya bai aiko mana da nama ba, ko da yake ba addininmu ɗaya ba. Iyayensa makiyaya ne, shi ma a bayan shanu ya girma kafin ya zauna a gari. Ya zauna a tabarma, muka gaisa, ya tambayi ƙafata, na tambayi kasuwa.

Ya ce, "Malam, ɗanka ne ya yi kuskure. Yaro ne. Kai kuma alƙalaminka ya fi wuƙar mahauci kaifi, kowa ya sani. A sassauta."

Na ce, "Alhaji, in tambaye ka. Lokacin da kake kiwo, in ka dawo da garke da yamma, sau nawa kake ƙirgawa?"

Ya yi dariya. "Kai, Malam, boko ya ɓata ku. Mu ba ma ƙirga shanu. Ƙirga na baƙo ne. Sanin su muke yi. Kowacce da sunanta, da na uwarta. In ɗaya babu, tun daga nesa garken zai yi maka kamar baki mai giɓi."

"In yaro ya dawo ya ce sun cika, da safe aka ga ɗaya ta kwana a daji fa?"

"Mahaifina da ya karɓe sandar. Sai ya sake bin manya shekara guda."

Na ce, "To ɗanka bai ƙirga ba, bai kuma sani ba. Ni ma sandar na karɓa."

Alhaji ya ce, "Maganarka gaskiya ce." Ya sha ruwan da aka kawo masa, ya yi sallama, ya tafi. Na yi zaton magana ta ƙare a nan, domin a duniyar da na taso, in dattijo ya ce magana gaskiya ce, to ta zauna. Na manta cewa a yanzu gaskiya abar gaisuwa ce, a faɗe ta a tabarma a bar ta a nan. Takardar kwalejin ba ɗaya ba ce a duniya, shagon kwafi yana nan, kuma garin nan cike yake da masu sa hannu a kan darasin da ba su gani ba, wasu ko daga cikin mota ba sa fitowa.

Nakan ji ana cewa tashin hankali ne ya kashe makarantunmu. Ya ƙone gine-gine, ya kori malamai, ya kashe na kashewa, ban musa ba, na binne abokan aiki. Amma ba mai bindiga ne ya riƙe hannun Bukar ranar Litinin ba. Hedimastanmu ba shi da fanka, ba shi da waya, albashinsa bai kai kuɗin takalmin yaron nan ba, amma babu uwar da ta taɓa tsayawa a ƙofarsa ta tambayi ɗanta a ba ta amsar ƙarya.

Kakar ta cire Yagana daga makaranta a makon, ba ta sake dawowa ba. Bukar ya sami takardar shaidarsa a wannan shekarar da sa hannun wani, yanzu yana koyarwa. Ni kuwa ba a sake aikowa a kira ni ba.